Masu kiwon zanzaro saboda gero

Manomin gero a Tibiri ko Jiratawa ba sai an kwatanta masa murzuna ba. Damina ta yi kyau, zangarniya ta fito ƙosasshiya, sai a wayi gari a ga wata hanya ta nannaɗe ta, tsaba ta kakkaɓe. Tsutsa ce, ɗiyar wani malam-buɗe-littafi mai yawon dare da ke zuba ƙwai a kan geron da ya fara fidda kai. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwanta har wata damina. Tun bayan farin 1972 zuwa 1974 ta zama annoba a Sahel, kuma feshi bai cika kama ta ba, don a cikin zangarniya take ɓuya. Balle kuɗin maganin.

A wasu ƙasashe ana yaƙar tsutsotsi da ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis, wadda aka gano a Japan a 1901. Masanan ƙwari na Maraɗi kuwa, irin su Farfesa Ibrahim Baoua na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, abokin gabar murzuna na gida suka nema. Wani ɗan mitsitsin zanzaro ne, Habrobracon hebetor, wanda bai fi ƙwayar shinkafa tsawo ba. Macen kan harbi tsutsa ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Dama yana nan a gonakinmu. Matsalarsa makara: da rani ba ya samun abinci, don haka kafin ya yi yawa murzuna ta gama ɓarna.

Gwanintar tana cikin maganin wannan makara, kuma ni abin da ya fi burge ni ke nan. Mai kiwon zanzaro sai ya fara zama mai kiwon tsutsa. Duk tsawon rani ana renon tsutsar wani asu mai cin hatsin ajiya, Corcyra, a cikin gero da gari, ana ciyar da zanzaron da ita don kada iri ya yanke. Zafin Afrilu na kashe su, tururuwa na shiga, danshi na kawo funfuna, saboda haka kullum ido na kansu. Sai an iya bambanta mace da namiji a halittar da ake riƙe ta da ƙyar, a kuma tabbata an yi barbara, don macen da ba ta haɗu da namiji ba maza zalla take haifa.

Damina na yin nisa sai a ɗinka ƴan buhunan algarara, kowane a zuba masa gero da gari, tsutsa 25 da zanzaro mata 2. A kai kamar buhu 15 gari guda, a sa a rumbuna ko a rataye a itace inda ruwa ba ya duka. Bayan kwana 8 sabbin zanzaro na fara fita ta ramukan saƙar, su bi gonaki har nisan kilomita da dama, su hayayyafa a jikin murzuna. A saki da wuri, babu tsutsar da za su samu. A makara, an yi asara. Shi ya sa ake kafa tarkon fitila da dare ana lura da fitowar uwar tsutsar, ana kuma zagaya gonaki ana duba zangarniya.

Aikin ya kankama a 2006 ƙarƙashin shirin GIMEM, tare da Mali da Burkina Faso, da tallafin gidauniyar McKnight ta Amurka. Binciken da Baoua da abokansa suka wallafa a 2014 ya nuna ƙarin amfanin gona na kashi 34 cikin 100 a inda aka saki zanzaron. Yanzu har ƙungiyoyin manoma sun koyi kiwon, suna sayar da buhunan. Sai dai zanzaro bai san iyakar gona ba, wanda bai biya ba ma yana amfana, don haka gari ɗungurungum ya kamata ya haɗa kuɗin. Kuma duk wanda ya yi feshin guba a makonnin nan, har zanzaron maƙwabta yake kashewa.