Farfaɗo da Wasan "Nonuwan Tireziyas" da Kayan Zamani: Riba da Hasara

1.0 Gabatarwa

Ranar 24 ga Yuni 1917 aka fara nuna wasan kwaikwayon Guillaume Apollinaire mai suna Les Mamelles de Tirésias, wato "Nonuwan Tireziyas", a unguwar Montmartre ta birnin Faris. Marubucin ya kira shi wasan "suriyalis", ma'ana mai wuce zahiri, shekara 7 kafin André Breton ya fitar da sanarwar wannan mazhaba a 1924. Wannan takarda za ta duba ko kiɗa da rawa da majigin zamani suna ƙara wa wasan ƙarfi ko rage masa suke yi.

2.0 Jigo da Zubin Wasan

An gina labarin a Zanzibar. Tauraruwar wasan, Tereza, ta gaji da zaman aure, sai nonuwanta suka tashi sama a siffar balan-balan, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Gemu ya tsiro mata, ta zama namiji mai suna Tireziyas. Mijin da ta bari ya ɗauki nauyin haihuwa, ya samar da ƴaƴa 40,049 a yini guda.

A ƙarƙashin wannan raha akwai makoki. An nuna wasan ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ci sojojin Faransa kusan miliyan 1.4, shi kansa Apollinaire an ji masa rauni a ka a 1916. Saboda haka kiran da wasan ke yi wa Faransawa su hayayyafa kira ne na ƙasar da samarinta ke ƙarewa.

3.0 Kiɗa da Rawa

A nan ne kayan zamani suka fi dacewa, domin marubucin da kansa ya nemi a cakuɗa sauti da launi da motsi da waƙa. Ya sa ana magana ta amsa-kuwwa, ya kuma sa mutum ɗaya tak, wanda ba ya furta kalma, ya wakilci dukkan jama'ar Zanzibar ta hanyar kaɗa tarkace. Idan aka damƙa wa wannan ɗan wasa na'urar haɗa sauti, ba a saɓa wa manufa ba. Haka kuma rawa na iya nuna rikiɗar Tereza ta sauya tafiya da tsayuwa, fiye da yadda gemun roba zai nuna.

Akwai misali a tarihi. Francis Poulenc ya mayar da wasan opera, aka nuna a Faris a 1947, bayan wani yaƙin. Kiɗansa na tashi daga raye-raye masu gaggawa ya faɗa cikin taushi mai sosa rai, don haka dariya ba ta binne baƙin ciki ba. A 1981 John Dexter da mai zane David Hockney sun nuna operar a New York cikin shiri mai tuna wa ƴan kallo yaƙin 1917.

4.0 Matsalar Majigi

Apollinaire ya bayyana salonsa da misalin ƙafar keke: ɗan Adam ya so kwaikwayon tafiya, sai ya ƙirƙiro abin da bai yi kama da ƙafarsa ba. Balan-balan ba ta kama da nono, mutum guda ba ya kama da al'umma, kuma daga wannan rata mamaki ke fitowa. Kwamfuta kuwa tana iya cika bango da jarirai 40,049 masu kama da na gaske. Da zarar ta yi haka, ta yi wa ɗan kallo aikin da tunaninsa ya kamata ya yi, kuma idon da ya saba da dabarun fim ba zai girgiza ba. Majigi zai yi amfani ne idan ya kawo abin da rubutun ke nuni da shi ba tare da nunawa ba, kamar hotunan ramukan yaƙi a bayan masu rawa.

5.0 Kammalawa

Ma'aunin kowace farfaɗowa tambayoyi biyu ne: shin ratar da ke tsakanin abu da siffarsa ta tsira? Shin ana jin makoki a bayan dariya? Wasan da ya rasa waɗannan ya zama kyan ɗan maciji, ado a waje kawai. Ɗalibin da zai yi sharhin irin wannan shiri ya fara da su kafin ya yaba fitilu da na'urori.