Ƙofar Durɓi: Tsokaci a Kan Suna da Gini

Ƙofar Durɓi tana gabashin birnin Katsina, ta nan ne hanya ke fita zuwa Mani da Daura. Durɓi sarauta ce ta Hakimin Mani, wanda yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. A ƙasar Mani ɗin ne Durɓi ta Kusheyi take, inda tarihin baka ya ce Durɓawa sun yi mulki kafin Muhammadu Korau ya kawar da Sanau a ƙarni na 15. Palmer ya haƙa wasu kusheyin wurin a 1907. Ke nan ƙofar tana fuskantar tsohuwar cibiyar sarauta, sunanta kuwa hujja ce ta tarihi.

Ta fuskar gini, ƙofar birni a ƙasar Hausa gaɓa ce a jikin ganuwa. Akan danganta ganuwar Katsina ga Ali Murabus, kuma Barth, wanda ya zo birnin a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da kimanin mil 13. Magina kan ɗora ƙofa da tubali da jar ƙasa, su rufe ta da azara, su bar matsatsiyar hanya mai kama da zaure, wadda 'yan dakaru kaɗan za su iya tsarewa. Sarkin ƙofa ke rufe ƙyaure idan dare ya yi. Kaurin bango da ƙuncin mashiga su ne ma'anar ginin.

Abin lura shi ne, ƙofar da ke tsaye a yau ta siminti ce, an faɗaɗa ta domin motoci, ganuwar kuwa galibinta ta zube ko gidaje sun cinye ta. Ba a musun bukatar faɗaɗa hanya. Kuskuren shi ne ɗaukar sabon gini a matsayin adana tsoho, alhali kuwa maye gurbinsa ya yi. Ɗalibin da aka kai wurin zai ga ado, ba zai fahimci yadda aka tsare birni ba.

Saboda haka wajibi ne manazarta su auna ragowar ganuwar, su kuma rubuta ilimin tsofaffin magina tun suna raye. In ba haka ba, suna kaɗai za a gada.