Liang Zongdai, Gwanin Fassarar Waƙa na Guangzhou

Fatakenmu sun san Guangzhou da kasuwannin yadi da wayoyi. A wannan birni kuma aka yi wani malami da ya kai fassarar waƙa matuƙa, wato Liang Zongdai, wanda aka haifa a 1903, ya rasu a 1983.

A Guangzhou ya yi makarantar Pui Ching, ya shiga Jami'ar Lingnan, ya fara fitar da waƙoƙinsa na sabon salo tun yana saurayi. A 1924 ya tafi Turai, inda ya shaƙu da babban mawaƙin Faransa, Paul Valéry. Ya juya waƙar Valéry kan Narcisse zuwa Sinanci, ya kuma juya waƙoƙin Tao Yuanming, mawaƙin Sin na ƙarni na 4 zuwa na 5, zuwa Faransanci. Littafin waƙoƙin Tao ya fito a Paris a 1930, Valéry da kansa ya rubuta gabatarwarsa. Mutum ya fassara waƙa zuwa harshen da ba a nono ya sha ba, har manyan masu harshen su sa albarka, ai wannan ba ƙaramar ƙwarewa ba ce.

Inda gwanintarsa ta fi bayyana shi ne waƙoƙin Shakespeare guda 154 masu ɗango goma sha huɗu. A Turanci, ɗango yana da gaɓa goma da bugu biyar, amsa-amo kuma yana tsallake ɗango ɗaya ya dawo, sai ɗango biyun ƙarshe su rufe da amo guda. Sinanci kuwa kowane harafi gaɓa ɗaya ce mai ɗauke da sautinta. Liang ya auna ɗangonsa da haruffa goma sha biyu, ya raba su yadda bakin mai karatu zai ji bugu biyar, ya kuma riƙe jerin amsa-amon yadda yake. Sau da yawa kalmar da ta fi dacewa da ma'ana takan karya kari, dole a yi ta nema har a sami wadda za ta ɗauki nauyin duka biyun. Haƙurin wannan nema shi ne sirrin sana'ar.

Ya koyar da Faransanci a Jami'ar Sun Yat-sen daga 1956. Lokacin juyin al'adu na Sin aka gallaza masa, aka lalata rubuce-rubucensa, amma da tsufansa ya sake zama ya yi aikin fassarar waƙoƙin Shakespeare. A 1978 fassararsa ta shiga cikakken kundin Shakespeare na Sinanci.

Mu Hausawa mun gaji irin wannan aiki, domin Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙin Shehu daga Fulatanci zuwa Hausa, ana rera su har yau. Duk matashin da ke son fassara waƙa, ya koyi kari kafin ya ɗauki ƙamus, ya kuma rera kowane baiti da bakinsa kafin ya ce ya gama.