Jinjina ga Masu Raya Tsofaffin Motocin Amurka

Daga cikin ma'abota sana'a waɗanda himmarsu ta cancanci yabo akwai masu raya tsofaffin motoci a Amurka, musamman waɗanda suka duƙufa ga tahƙiƙin alamomin da masana'anta ta buga a jikin na'urorin rage hayaƙi. Tun da jihar Kalifoniya ta wajabta tsabtace hayaƙin motocin 1966, sauran ƙasar kuma ta biyo baya a 1968, kamfanin General Motors ya riƙa ɗaura wani famfo mai hura iska cikin bututun hayaƙi domin ragowar mai ya ƙarasa ƙonewa. Amma da yake direbobin zamanin sun zargi famfon da rage wa inji ƙarfi, da yawa suka kwance shi suka yar, har samunsa ya yi wuya a yau.

To, idan Allah ya sa ɗaya daga cikin masu raya motocin nan ya dace da famfon cikin tsofaffin ƙarafa, ba ya gaggawar kankare shi. Sai ya goge maiƙon a hankali, ya haska fitila a karkace har lambobin ranar ƙira su bayyana, sa'an nan ya gwada su da ranar haɗa motar, domin wajibi ne famfon ya girme ta, kamar yadda malamin hadisi ba ya karɓar riwayar wanda bai riski shaihinsa ba. Alƙalan ƙungiyar NCRS, wadda aka kafa a 1974 saboda motar Corvette, da wannan mizani suke hukunci, kuma a ganina ba su tsananta ba.