BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN BAYANAN JAGORA NA MARINAR BLENDER GA WAKILIN ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi sharhi a kan bayanan jagora na manhajar Blender, domin a gano ko sun wadatar da wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ake ba umarni da magana ita kuma ta aiwatar da aikin da kanta. An taƙaita nazarin a kan sashen da yake ba siffa launi da sheƙi da kaushi. A wannan kundi an kira wannan sashe "marina", saboda aikinsa ya yi kama da na marini. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne zanen shanu na duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda masana suka fara rubutu a kansa a shekarun 1950. Tambayar ita ce: idan malami a Zandam ko Gwaram ya nemi wakili ya sake gina fuskar dutsen da jan zanensa a kwamfuta domin koyarwa, shin bayanan za su kai shi ga gaci?

4.1 Yadda Marinar Take

Blender manhaja ce ta kyauta wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya ƙirƙiro, aka kuma buɗe ta ga kowa a shekarar 2002. Marinarta ta ƙunshi akwatuna, kowane akwati yana da kafofi, sai a haɗa kafa da kafa da zare har a sami kamannin da ake so. Babban akwatin shi ne Principled BSDF, wanda ya shigo a fitowa ta 2.79 a shekarar 2017, bisa tsarin da Brent Burley na kamfanin Disney ya gabatar a 2012. Mutum yana aiki da ido da linzamin kwamfuta, yana gwadawa yana gyarawa. Shi kuwa wakili, rubutu yake yi da yaren Python, ya kira kowace kafa da sunanta. Ke nan abin da ido yake wa mutum, suna ne yake yi wa wakili.

4.2 Inda Bayanan Suka Yi Kyau

Dole a yaba wa littafin jagorar ta fuskar ma'ana. Ya bi kafofin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi aikin kowacce, ya kuma kawo hotunan misali. Alal misali, ya nuna cewa kaushi yana tafiya ne daga 0 zuwa 1, inda 0 ke ba da sheƙi kamar madubi, 1 kuma ke ba da fuska marar ƙyalli. Haka kuma kowace fitowa tana da nata littafin, ba a goge na baya ba. Wannan ya sa wakili zai iya fahimtar cewa falalen dutse yana buƙatar kaushi mai yawa, kuma ba ƙarfe ba ne.

4.3 Inda Bayanan Suka Gaza

Na farko, an raba ilimin gida uku. Ma'ana tana cikin littafin jagora, ƙa'idojin Python suna cikin wani kundi dabam, canje-canje kuma suna cikin takardar sanarwar kowace fitowa. A fitowa ta 4.0, cikin watan Nuwamba na 2023, an sake wa kafofi da dama suna. Specular ta koma Specular IOR Level, Emission ta koma Emission Color, Clearcoat kuma ta koma Coat Weight. Wakilin da ya koyi aiki daga tsofaffin misalan da ke intanet zai kira tsohon suna, aikin ya tsaya cak. An bayyana canjin, amma a takardar sanarwa, ba a inda mai neman ma'anar kafa zai fara dubawa ba.

Na biyu, akwai kuskuren da ba ya kuka. Ana iya kiran kafa da lambar jerinta maimakon suna, alhali a 4.0 jerin ma ya canza. Idan wakili ya bi tsohuwar lamba, manhajar ba lalle ta ƙi ba, sai dai ƙimar ta faɗa wata kafa. Wannan ya fi na farko haɗari, domin hoto zai fito, kuma ɗalibin da bai taɓa zuwa Birnin Kudu ba zai ɗauka haka dutsen yake.

Na uku, batun launi. Python yana karɓar launi a lambobi huɗu, na ja da kore da shuɗi da na huɗu mai auna yadda ake gani ta cikin abu, kuma ma'auninsu ya bambanta da na hoton kyamara. Wanda ya kwashi lambobin jan zanen daga hoto ya zuba kai tsaye, zai ga launin ya koɗe. An yi bayanin wannan a babin sarrafa launi, nesa da shafin akwatin. Mutum zai gani ya gyara, wakilin da ba a nuna masa hoton ba kuwa ba zai sani ba.

4.4 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa an rubuta bayanan ne domin mai ido, shi ya sa suka ƙware wajen ma'ana suka yi rauni wajen haɗa suna da ƙima da lokaci a wuri guda. Saboda haka ana ba da shawarar kowane shafin akwati ya ɗauki jadawali mai nuna sunan kafa na yanzu, da tsohon sunanta, da fitowar da aka canza shi, da ma'aunin lambarta, tare da gajeren misalin Python. Kafin a samu haka, wajibi ne mai ba wakili umarni ya faɗa masa fitowar da yake amfani da ita, ya kuma gwada sakamakon da hoton dutsen na asali. A babi na gaba za a duba yadda kalmomin launi na Hausa suke shiga irin wannan umarni.