Buɗaɗɗiyar wallafa a ilimin rarrabe halittu da halin da sunayen Hausa ke ciki

0. Gabatarwa

Mai karatu na iya tambaya me ya kai masanin harshe gonar masu ilimin tsirrai da dabbobi. Amsar ba ta da tsawo. Reshen ilimin da Faransanci ke kira « taxinomie » aikinsa rarrabe halittu da raɗa masu suna, kuma duk inda ake raɗin suna akwai rabonmu. A cikin wannan takarda za mu kira « espèce » iri, « genre » dangi, « libre accès » kuwa buɗaɗɗiyar wallafa, wato a sa sakamakon bincike bisa intanet, kowa ya karanta ba tare da ya biya ba. Abin da muke son nunawa shi ne cewa an buɗe ƙofar karatu ƙwarai da gaske, amma sunayen Hausa da ke cikin waɗannan rubuce-rubuce sun fito da raunukan da aka yi masu tun zamanin mulkin mallaka, kuma na'ura tana yaɗa raunukan fiye da yadda littafi ya taɓa yi.

1. Abin da aka samu

Ya kamata mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Babu fannin da ya buƙaci buɗaɗɗiyar wallafa kamar wannan, saboda a cikinsa tsohon rubutu ba ya mutuwa. Dokar fannin ita ce sunan da aka riga aka wallafa bisa ƙa'ida shi ke da rinjaye. Lissafin sunayen tsirrai yana somawa daga littafin Linné na 1753, na dabbobi daga 1758. Ke nan mai bincike a Maraɗi, in yana son ya tabbatar ko ciyawar da ya tsinto sabuwa ce ga ilimi, dole ne ya duba abin da wani ya rubuta a 1830, cikin littafin da kwafinsa ke Paris ko Landan. A da, ma'anar wannan ita ce tikitin jirgi da biza.

Bayan sanarwar Budafes ta 2002 abubuwa suka yi ta biyo juna. A 2006 wasu manyan ɗakunan littattafai na Amurka da Ingila suka kafa Biodiversity Heritage Library, wadda ta ɗauki hoton shafi sama da miliyan 60 ta baza kyauta. A farkon shekarun 2010 gidan tarihin halittu na Paris ya ɗauki hoton busassun tsirrai sama da miliyan 5 na taskarsa, cikinsu har da waɗanda aka kwasa daga ƙasashenmu. Kamfanin Pensoft na Bulgariya ya fito da mujallar ZooKeys a 2008 da PhytoKeys a 2010. Ƙungiyar Plazi ta ƙasar Suwis ta kawo hujjar cewa bayanin siffar iri, da yake jerin abubuwan da aka gani ne bisa tsari guda, ba ya shiga ƙarƙashin haƙƙin mallakar marubuci, sai ta shiga ciro irin waɗannan bayanai daga maƙaloli tana sa su a fili. Daga baya dokokin suna suka bi sahu: taron Melbon na 2011 ya yarda cewa daga 1 ga Janairu 2012 sunan tsiro da aka wallafa bisa intanet kaɗai ya halatta, kuma a watan Satumba na 2012 masu sunayen dabbobi suka yi haka nan, da sharaɗin a yi ma aikin rajista a ZooBank.

Zancen kuɗi an tattauna shi a wurare da yawa, ba za mu daɗe a kansa ba. Wasu mujallun sun ɗauke nauyi daga kan mai karatu sun aza ma marubuci, wanda sai ya biya ko ya roƙi a yafe masa. Wasu kuwa, kamar European Journal of Taxonomy da gidajen tarihin halittu na Turai suka kafa a 2011, ko Adansonia ta Paris, ba su karɓar komi daga kowane ɓangare. Mu lura kuma cewa kyauta tana da mai ɗaukar nauyinta: a 2025 cibiyar Smithsonian ta Amurka ta sanar da cewa za ta sauke ɗawainiyar tafiyar da Biodiversity Heritage Library daga farkon 2026. Rijiyar da kake sha a gidan wani, mai gida ke riƙe da guga.

2. Harshen bayani

Taron Melbon ya yanke wata shawara ta biyu wadda aka yi ta yabo tare da ta farko. Daga 1935 zuwa ƙarshen 2011, sabon sunan tsiro ba ya halatta sai da bayani cikin Latinanci. Daga 2012 aka ce Latinanci ko Ingilishi. An kira wannan sauƙaƙawa, kuma sauƙi ne ga wanda ya yi karatu a Zariya ko Akkara. Ga wanda ya yi nasa a Yamai ko Dakar, an musanya harshen da ba na uwar kowa ba da harshen da ke na uwar wasu. Gaskiya ne sauran maƙalar na iya zama cikin Faransanci. Amma ƴan layukan da ke ba suna rai, su ba su iyawa. Dokar sunayen dabbobi ta 1999 ta fi sassauci a nan, tunda matanin Faransanci da na Ingilishi ƙarfinsu ɗaya.

3. Sunayen gida

Nan ne zuciyar zancen. Ana ɗaukar sunan Latinanci a matsayin tsayayye, na gida kuwa mai yawo. Tarihin itatuwanmu ya nuna akasin haka sau da yawa. Taron Viyena na 2005 ya bar ma itatuwan Ostireliya sunan dangin Acacia, Melbon ta tabbatar. Sai bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara ta koma Senegalia senegal. Kaɗanya ta yi shekaru ana kiranta Butyrospermum parkii kafin ta zauna a Vitellaria paradoxa. Gawo ya bar Acacia albida ya koma dangin da Auguste Chevalier ya raɗa ma sunan gwamna Faidherbe a 1934 (taron Madrid na 2024, wanda ya kawar da kalmar zagi caffra daga sunayen tsirrai, bai taɓa irin wannan ba). Duk tsawon wannan lokaci manomi bai daina cewa gawo ba. Saboda haka ma'aikacin gandun daji ko ɗalibin aikin gona da ke neman haɗa rahoton 1950 da maƙalar bara, sau da yawa sunan Hausa shi ne igiyar da ke hannunsa. In igiyar ta ruɓe, ya rasa duka biyun.

To daga ina sunayen suka shiga rubutu? Mafi yawa daga ayyuka kaɗan: ƙamus na sunayen tsirrai da likita Dalziel ya wallafa a 1916, da babban littafinsa na 1937 bisa tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda Burkill ya sabunta cikin juzu'i 6 tsakanin 1985 da 2004, a ɓangaren Nijar kuma jerin sunaye na Peyre de Fabrègues na ƙarshen shekarun 1970, da rahotannin ma'aikatan daji. Ayyuka ne na wahala, ba mu raina su ba. Sai dai an yi na farkon kafin baƙaƙe masu lanƙwasa su zauna, lokacin da wasu ke sa ɗigo ƙarƙashin harafi, wasu ba su sa komi. Rahotannin Faransanci kuwa da kunnen Bafaranshe da alƙalaminsa aka rubuta su: gao, adoua, kouka, madatchi. Wannan rubutu ne ya bar mana Magaria da Bagaroua bisa taswira.

Idan aka ɗauki hoton irin wannan shafi, na'ura ce ke maida hoton rubutu. An koya mata ta gane sunayen Latinanci ta jera su, a nemo su cikin ƙiftawar ido. Kalmar Hausa kuwa ba ta da mai tsaronta. Ɗigon ƙarƙashin harafi na'ura kan ɗauke shi datti ta share. Farar ƙaya, wato Vachellia sieberiana, sai ta zama farar kaya, a rasa ƙayar da ta ba ta suna. Maɗaci, Khaya senegalensis, sunansa daga ɗacin ɓawonsa ya fito, kuma wannan ɗaci shi ne dalilin da masu magani ke nemansa. Rubuta madaci ko madatchi, ka yanke kalmar daga saiwarta. Karin sauti da tsawon wasali ba a ma zancensu: kuka itaciya da kuka na hawaye karin gaɓar ƙarshe kaɗai ya raba su. Wanda zai nemi itace guda cikin waɗannan taskoki sai ya gwada rubutu uku ko huɗu, kuma ba shi da tabbacin ya ƙure.

Lahani na biyu ya fi wannan nauyi. Jerin sunaye yakan aza suna guda gaban iri guda, kamar Hausa ta rarrabe daji yadda Linné ya rarrabe shi. Kalgo yana rufe iri biyu, Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii. Wani wuri kuma a ce kargo. Abin da Ba'adare ke kira da wani suna, Badamagare na iya ba wani itacen daban. Littafi mai kyau yakan faɗi garin da aka ji sunan, ko ya sa alamar shakka. Amma in aka tsamo sunan aka zuba shi cikin jadawali, wannan ƴar alama ce ke fara faɗuwa. Jadawali na biyu ya kwafi na farko, na uku ya kwafi na biyu, sai mai bincike ya ga shaida uku alhali bakin mutum ɗaya ne, wanda aka tambaya ta bakin tafinta shekara 100 da suka wuce. Abin mamaki, sunan Khaya da na Guiera, dangin sabara, asalinsu kalmomin Walaf ne da masu tsirrai na Faransa suka ji a Senegal. Su da yake sun sa rigar Latinanci, doka na tsaron kowane harafinsu.

Ba za a ce kayan aiki ne suka gaza ba. Unicode na da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Nijar na da ƙa'idar rubutu tun ƙudurin 1999, bayan taron Bamako na 1966. Tsarin musayar bayanai da GBIF ke aiki da shi (cibiyar da aka kafa a 2001, mai mazauni a Kofanhegan) yana da gurbin sunan gida, da na harshe, da na wuri, da na tushen da aka samo shi. Guraben suna nan. Ba mu dai san mujallar wannan fanni da ke aika sunan gida ga masanin harshe ya duba ba, yadda take aika sunan Latinanci ga gwanin dangin.

4. Wa ke da ikon gyara?

Buɗaɗɗiyar wallafa ta ba mu izinin karatu da na kwafi, har da na sake aiki bisa abin da muka kwafa in mun ambaci mai shi. Gyara kuwa sai ya koma ga cibiyar da ta bayar da bayanin, kuma mafi yawansu suna Turai da Amurka. Ƙorafi kaɗai ba ya sauya jadawali. Abin da ke sauya shi wani jadawalin ne da ya fi shi inganci, mai lambar da za a iya ambata. Ma'ajiyar Zenodo, wadda aka buɗe a 2013, tana karɓar irin wannan aiki kyauta ta ba shi lamba. Kuma tun da kundin Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, da wuya sashe irin namu ya ce aikin na wani ne.

Ga kowane suna abu huɗu ake bukata: rubutu bisa ƙa'ida tare da karin sauti da tsawon wasali; garin da aka ji shi; sana'ar wanda ya faɗa, domin makiyayi da masassaƙi da mai magani ba su rarrabe daji iri ɗaya; sai lambar busasshen reshen da aka adana. Uku na farko ɗaliban shekarar maîtrise na iya yinsu a lokacin hutu, kowa a garinsu. Na huɗun ya fi ƙarfinmu mu kaɗai. Ɗalibin harshe da ya ji « kalgo » a Tasawa ba ya iya faɗin wanne ne cikin biyun aka nuna masa, sai in akwai ɗan sashen tsirrai tsaye kusa da shi yana duban bayan ganyen.