Mai garaya, mai kiran iskoki

A wasan bori idon 'yan kallo yana kan wanda iska ta hau, amma ragamar fili tana hannun mutumin da ke zaune kan tabarma da garaya a cinya, 'yan buta na gefensa. Shi iska ba ta hawansa. Aikinsa kira ne.

Garaya tsirkiya biyu gare ta, asalinta kuma kayan kiɗan maharba ce. Da tsirkiyoyin nan biyu makaɗi yake riƙe taken kowace iska, ya haddace kirarinta, ya san gidanta a Jangare, birnin iskoki, ya san wa ya haifi wa, wa ke auren wa. Taken Sarkin Rafi ba ya sauko da Ɗan Galadima, na Inna kuma ba ya kawo Kuturu.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda yake karanta jiki. Ɗan bori, wanda ake kira doki, ko godiya in mace ce, yana zaune shiru, makaɗi na lura da shi. Da ya ga gumi ya keto, kafaɗa ta fara rawa, sai ya ƙara wa kiɗa wuta, 'yan buta su matsa, ya yi ta nanata take ɗaya har mai zuwa ya iso. In Malam Alhaji ne, za ka ji tarin tsufa. Kuturu yatsu a naɗe yake zuwa. Sarkin Rafi kuwa tsalle zai yi ya dira a ƙasa da mazaunai. Kowanne da irin tarbar da yake so, makaɗin kuma ba ya ajiye garaya sai doki ya yi atishawa, alamar iska ta tafi.

Ƙasar Gaya ta jihar Kano ba baƙuwar wannan tsohon sha'ani na iskoki ba ce. Labarin gargajiya ya ce daga can maƙera Abagayawa suka taso suka zauna a gindin dutsen Dala, inda Barbushe mai tsafi ya yi wa iskar Tsumburbura hidima. Wani mai bincike, Fremont Besmer, ya zauna da makaɗan bori na Kano, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar a 2000 wasan ya ja baya daga bainar jama'a, alhali yaro a fili yake koyon wannan sana'a, da buta a hannu, yana amshi a gefen ubangidansa.